Daga Dutse zuwa Taura da Kyamara: Ɗaukar Hoton Makaɗan Kalangu

Bidiyon waƙa, wato ɗan gajeren fim da ake shiryawa domin a kalli waƙa guda ɗaya a daidai lokacin da ake sauraron ta, ya shigo ƙasar Hausa ne ta ƙofar situdiyo, inda mawaƙi ɗaya da mai kaɗa fiyano ɗaya suke gama aikin da a da sai an tara mutane da ganguna kafin ya yiwu. Ƙungiyar makaɗan gargajiya kuwa, mai jagora da 'yan amshi da masu kalangai da sanƙira, tana nan a garuruwa da ƙauyuka tana neman abincinta a gidajen biki da filayen dambe da kokawa, kuma ba kasafai ake ɗauko kyamara musamman dominta ba, sai dai ta faɗo cikin hoton biki a matsayin wani ɓangare na hayaniyar ranar. Ɗalibin da aka ba shi aikin shirya bidiyon waƙa, ya kuma zaɓi ya nemi irin wannan ƙungiya maimakon ya shiga situdiyo, ya ɗauko wa kansa haɗa hanyoyin yin waƙa guda biyu waɗanda ba su tashi a gida ɗaya ba, kuma tafiya daga Dutse zuwa ƙasar Taura tana nuna wuraren da hanyoyin nan suke cin karo da juna.

Dutse ta zama babban birni ne a ranar 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, kuma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011 ta cika da matasa waɗanda kyamarar wayarsu ta fi wadda aka ɗauki finafinan Hausa na farko da ita kyan hoto. Ayarin da zai yi irin wannan tafiya bai cika wuce cikin mota ɗaya ba, kayan aikinsa kuwa sukan tsaya a kyamara ɗaya ta aro da wayoyi biyu ko uku da mazaunin kyamara mai ƙafa uku da na'urar naɗar sauti da tulin batura. Motar tana barin duwatsun da suka kewaye Garu, tsohon garin da fadar sarki take, da itatuwan dabinon da aka san Dutse da su, ta fita Shuwarin, inda hanyar birni ta haɗu da babban titin Kano zuwa Maiduguri, ta bi ta Kiyawa, sannan ta karkata arewa zuwa Jahun. Daga nan dutse ya ƙare, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi, wadda bayan kaka matafiyi zai ga an kwantar da karan gero a cikinta, an tsayar da dammunan riɗi suna bushewa, mata da yara kuma suna ɓarar zoɓo a bakin gonaki.

Lokacin tafiyar yana da muhimmanci fiye da yadda ɗan birni zai zata. Tsakanin Jahun da Gujungu hanya tana ratsa fadamar Kogin Haɗeja, wadda da rani ake noman shinkafa da alkama da kayan lambu a cikinta, da damina kuma takan cika ta tumbatsa har ruwa ya ci gonaki ya yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa. Saboda haka watannin da ke bayan girbi su ne na wannan aiki, kuma su ne watannin da makaɗa suka fi samun kira, domin a lokacin ne manomi yake da abin hannu, ake ɗaura aure, ake kuma buɗe filayen kokawa da dambe. Wannan ya sa ɗalibi yake isa a daidai lokacin da makaɗi ya fi kuzari, amma kuma a daidai lokacin da ranarsa ta fi tsada.

Gujungu, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Taura, mararraba ce da hanyoyin Gumel da Haɗeja da Dutse da Kano suka haɗu a cikinta, kuma kasuwarta da ke ci ranar Lahadi tana cikin manyan kasuwannin hatsi da dabbobi na jihar. Ranar kasuwa ba ta dace da ɗaukar hoto ba, domin ƙarar manyan motoci da lasifikokin masu tallar magani za su cinye duk wani sauti, amma ita ce ranar da ta fi dacewa da tambaya. Mai neman makaɗan kalangu zai fi saurin dacewa idan ya nufi rumfunan mahauta, saboda kalangu tun asali kiɗan mahauta ne, kamar yadda dundufa take ta maƙera, gangar noma take ta manoma, tambari da kakaki da algaita suke na sarauta. Ko da yake yau kalangu ya bazu har ya zama kiɗan biki da na dambe da na 'yan mata, dangantakar ba ta yanke ba, kuma da wuya Sarkin Fawa ya rasa sanin wanda ya fi iya hannu a yankinsa da ƙauyen da yake zaune.

Daga Gujungu ana juyawa ta hanyar Ringim da Kano a isa garin Taura, hedikwatar ƙaramar hukumar, wadda ita da Ringim da Garki da Ɓaɓura suka haɗa Masarautar Ringim da aka kafa a 1991. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 domin kwasar gyaɗa da sauran amfanin gona, ya ratsa wannan ƙasa, kuma kusan duk ɗalibin da ya gan shi zai ji yana son jera makaɗa a kansa, saboda ya saba ganin mawaƙan zamani suna tafiya a kan dogo a bidiyoyinsu. Shawara ce da ya kamata a bari ta mutu a cikin mota, domin mai kalangu ba shi da wata hulɗa da dogo, kuma hoton zai nuna mutanen da aka tsayar a inda ba su san abin da ya kawo su ba.

Baƙon da ya shiga gari da kyamara ba ya farawa da kunna ta. Yakan fara ne da ƙofar mai unguwa, wanda zai kai shi gaban dagaci, idan kuma taron zai yi girma maganar ta kai ga hakimi. A nan ne takardar gabatarwa daga makaranta take amfani, a nan ne kuma ake gane tarbiyyar ɗalibi, daga yadda ya cire takalmi ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a 2000, kuma 'yan Hisba suna sa ido a kan tarukan dare da cuɗanyar maza da mata, don haka wasan rana a fili ya fi sauƙin samun izini. Akwai kuma nauyin da kalmomin bidiyon waƙa suke ɗauke da shi a kunnen dattawa, waɗanda abin da suka sani da wannan suna shi ne rawar saurayi da budurwa irin ta finafinai, abin da ya jawo kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, ya kuma kai Adam A. Zango gidan yari a 2007 saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. Ɗalibin da ya bayyana tun da farko cewa kalangu ne za a kaɗa, makaɗan kuma 'yan gari ne da kowa ya sani, ya rage wa kansa rabin wahala.

Sauran rabin tana wajen makaɗan kansu. Ba a cinikin wasa da jagora kai tsaye, wanda ɗalibai za su kira Baba ko su kira shi da sarautarsa idan yana da ita, kamar Sarkin Kiɗa; ana bi ne ta hannun sanƙira, wato mai yi wa ƙungiya shela da kirari da karɓar kyauta, wanda shi ne bakinta a harkar kuɗi. A nan ake samun rashin fahimtar farko, domin ɗalibai suna ganin sun yi hayar ma'aikata na sa'o'i kaza a kan kuɗi kaza, makaɗa kuwa suna ganin wani mai abin hannu ne ya gayyace su, wanda haƙƙinsa ne a wasa shi, haƙƙinsu kuma ne ya yi kyauta a bainar jama'a. Shi ya sa jagora yakan tambayi sunan shugaban ayari da na mahaifinsa da garinsu da malamin da ya aiko su, tambayar da ɗalibi zai ɗauka ta gaisuwa ce har sai ya ji sunayen nan sun fito a tsakiyar waƙa. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba kuɗin biyu, a ba da wani kaso tun farko domin mota da abinci, a ajiye sauran domin liƙi a fili, saboda kuɗin da aka miƙa a ɓoye ba ya sa makaɗi zuba irin wanda aka manna masa a goshi.

Kafin a kafa kyamara wajibi ne a san yadda ƙungiyar take aiki. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka ya zama madogarar ɗaliban wannan fanni, ya bayyana waƙar baka a matsayin mai gindi da ɗiya: gindi shi ne layukan da ake komawa gare su a kai a kai, waɗanda galibi 'yan amshi ne suke rera su, ɗa kuwa shi ne abin da jagora yake kawowa tsakanin gindi da gindi, na yabo ko zuga ko habaici ko labari. Gindi a tsaye yake, amma ɗiya ba su da tsayayyen adadi ko jeri, domin jagora yana ɗauko su ne gwargwadon wanda ya gani a fili da abin da aka ba shi da abin da ya faɗo masa. A ɓangaren kiɗa kuma akwai babban kalangu mai magana, da ƙananan ganguna irin su ɗan karɓi da kuntuku waɗanda suke riƙe da ma'aunin kiɗan, sunayen da David Ames da Anthony King suka tattara tare da ɗaruruwan irinsu a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971.

Kalangu ice ne da aka fafe, mai siririn ƙugu da baki biyu da aka rufe da fata, an kuma haɗa bakunan da tsarkiya, wato igiyoyin fata da suka bi tsawonsa. Makaɗi yana rataya shi a kafaɗa ya saƙale shi a hammata, idan ya matse tsarkiyar fatar ta ɗaure murya ta hau, idan ya sassauta ta sauka, kuma da wannan hawa da sauka ne yake kwaikwayon karin sautin Hausa har ya faɗi take, wato gajeriyar jimlar kiɗa da aka san mutum ko sana'a ko gari da ita, wadda mai ita yakan gane ta tun daga nesa. Sabon mai ɗaukar hoto yakan kafa idonsa a kan hannun da ke riƙe da lanƙwasasshen icen bugu, domin shi ne mai motsin da ya fi fitowa, alhali maganar tana fita ne daga ɗaya gefen, inda gwiwar hannu take shiga tana fita, yatsu suna dafe tsarkiya, jijiyar wuyan makaɗi tana tashi a duk lokacin da ya kai murya ƙololuwa. Hoton da ya kama wannan gefe na 'yan daƙiƙu ya fi dogon hoton fuska bayyana wa mai kallo dalilin da ya sa ake cewa kalangu yana magana.

A nan ne hanyar da ɗalibi ya koya take karo da abin da ke gabansa. Tun daga Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, masana'antar finafinan Hausa ta yi ta girma, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zauna daram a situdiyoyin Kano irin su Iyan-Tama, inda yake kwaikwayon sautin ganguna da sarewa ba tare da an kira makaɗi ko ɗaya ba, kamar yadda aka ji a waƙoƙin fim ɗin Sangaya. Tare da fiyano aka ɗauko tsarin finafinan Indiya, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan tasirinsa: ana naɗar waƙa a situdiyo tukuna, sannan a je wurin ɗaukar hoto a kunna ta a lasifika, ɗan wasa ya riƙa motsa baki yana bin ta, abin da 'yan fim suke kira mamin. Amfanin wannan tsari a fili yake, domin waƙar ba ta sauyawa, ana iya maimaita ta sau goma a wurare goma da tufafi goma, mai tace hoto kuma ya yanko daga kowanne ya jera a kan sautin nan guda ɗaya.

Ɗalibai da yawa za su so su yi wa makaɗan kalangu haka, su naɗi waƙa sau ɗaya, su kunna musu ita, su ce su bi. Abin ba ya yiwuwa, kuma dalilansa suna cikin ginin waƙar. Jagora bai haddace abin da ya faɗa ɗazu ba, domin bai tsara shi domin a maimaita ba, don haka bakinsa zai riƙa saɓa wa sautin tun daga ɗa na biyu. Mai kalangu ba zai iya yin kamar yana bugu ba tare da ya buga ba, idan kuma ya buga ƙarar gangarsa za ta danne lasifikar da ake so ya bi. Ko da an yi sa'a hannu da baki sun yi kusa da daidai, fuskokin za su mutu, saboda mutumin da ya saba kallon jama'a yana neman wanda zai zuga ya koma sauraron kansa yana tsoron kuskure. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: a wannan fili sauti ne shugaba, ana ɗaukar sa tare da hoto a lokaci guda, kyamara kuma tana bin wasan duk inda ya nufa.

Wannan ya mayar da mai riƙe da na'urar sauti mutum mafi muhimmanci a ayarin, ko da yake shi ne aikin da ɗalibai suka fi turawa wanda ba ya son gardama. Ganguna sun fi muryar mutum ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka makirfo mafi kyau na jagora ne, a kusa da bakinsa, 'yan amshi su taru a kan na biyu, masu ganguna kuma a ja da su baya 'yan taku kaɗan yadda za su ji juna ba tare da sun rufe waƙar ba. Iskar hunturu, wadda kunne ba ya damuwa da ita, tana shiga makirfo ta zama rugugi, shi ya sa ake rufe kansa da soso ko wani abu mai gashi, a kuma nemi wurin da katanga ko kurmin darbejiya ya tare iska. Sai an yi nesa da titi da injin niƙa da tashar 'yan acaɓa, sai kuma an lura da lokutan salla, domin makaɗa za su ajiye ganguna da zarar an yi kira, ko da kuwa waƙar tana tsakiyar daɗinta. Wannan ya bar wa ayari tsakanin hantsi da azahar, da kuma tsakanin la'asar da magariba. Da an kunna dukkan na'urori, mutum ɗaya yakan tsaya inda kowace kyamara take ganin sa ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi, domin wannan tafin ne mai tace hoto zai nema a kowane faifai ya daidaita hoto da sauti a kansa, kuma daga nan ba wanda zai kashe tasa na'urar har sai jagora ya rufe waƙa.

Kyamara ɗaya takan zauna a kan ƙafafunta daga nesa tana ɗaukar ƙungiyar gaba ɗaya, ita ce mafakar mai tacewa a duk inda sauran suka girgiza ko wani ya gifta. Wayoyi ne suke zama ta biyu da ta uku: ta biyu tana kan fuskar jagora, ta uku kuma tana yawo tana tsintar hannaye da ƙafafu da fuskokin 'yan kallo, amma dukkansu suna tsayawa a gefe ɗaya na layin da makaɗa suka jeru a kai, domin idan ɗaya ta tsallaka baya, jagoran da yake kallon dama a wannan hoto zai koma kallon hagu a na gaba, mai kallo ya rikice. 'Yan kallo kuwa ba sai an gayyace su ba, tun bugun farko yara za su cika wurin, manya su biyo baya. Ɗalibi yakan so ya kore su domin ya sami hoto mai tsabta, amma idan ya yi haka ya kori waƙar, saboda ɗiyan da suka fi armashi suna fitowa ne sa'ad da wani ya ratso fili ya liƙa wa jagora kuɗi, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da abin da ya bayar, mai kalangu ya juya ya kama takensa, jagora kuma ya bar abin da yake faɗa ya koma kansa. Abin da ake buƙata shi ne a sami dattijo ɗaya daga mutanen mai unguwa ya ja layi a ƙasa, yara su tsaya a bayansa. Matan da suke leƙe daga zaure ko ta kan katanga ba a juya musu kyamara sai da yardarsu da ta mutanen gidansu, kuma hoto ɗaya da aka ɗauka ba bisa wannan ƙa'ida ba ya isa ya rufe ƙofar garin ga duk ɗalibin da zai zo daga baya.

Haske ba ya buƙatar dogon bayani. Ranar tsaka tana sa farar riga ta ƙone a hoto, hula kuma ta jefa inuwa a kan ido har fuska ta ɓace, don haka la'asar sakaliya ta fi, hazon hunturu ma yakan tausasa hasken, sai dai ƙurarsa tana neman a riƙa goge gilashin kyamara. Idan dole ta sa an kai dare, janareto yana buƙatar doguwar waya domin a kai shi bayan gida, kuma ana saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa, saboda wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuwa suna zuwa a saite kan 30, saɓanin da ke sa hasken wasu fitilu ya riƙa rawa a cikin hoton.

Wannan hanya ta bin wasa da kyamara tana da tarihi a maƙwabta. A 1971 Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe shekaru yana ɗaukar finafinai a Nijar, ya ɗauki Tourou et Bitti a ƙauyen Simiri na ƙasar Zarmaganda, fim ɗin da ya ci sunan gangunan da ake kaɗawa a cikinsa, kuma kusan dukkansa ɗauka ɗaya ce da ba a yanke ba, mai kyamara yana tafiya da ƙafa a tsakanin makaɗa. Rouch ya saba mayar da finafinansa ga mutanen da ya ɗauka su kalla, kuma a irin wannan nuni ne masuntan Ayorou suka ƙi amincewa da kiɗan da ya ɗora a kan hoton farautar dorina, domin su ba da kiɗa suke wannan farauta ba. Darasin ya shafi ɗalibin da zai koma Dutse ya ji sha'awar ɗora bugun fiyano a ƙarƙashin kalangu domin waƙar ta yi kama da na zamani, gyaran da makaɗin da ya yi kiɗan zai ji shi a matsayin ɓarna tun daga bugun farko.

Tace hoton ya fi ɗaukarsa wuya, domin wasa ɗaya yakan kai minti ashirin ko fiye, malami kuwa minti uku zuwa biyar ya nema. Ginin waƙar ne yake ba da mafita, tun da kowace komawa ga gindi gaɓa ce da za a iya yankewa a haɗa ba tare da kunne ya ji tabo ba, matuƙar ba a yanke ɗa a tsakiyarsa ba, an kuma lura cewa kiɗa yakan ƙara sauri yayin da wasa ya yi zafi, ta yadda gindin farko da na ƙarshe ba lallai su hau kan juna ba. Zaɓen ɗiyan da za a bari ya fi ƙarfin ɗalibi shi kaɗai. Idan ya cire sunayen waɗanda suka yi kyauta saboda yana ganin tsawaitawa ce, ya taɓa abincin makaɗi, domin mai kyauta yana jiran ya ji sunansa. Idan kuma ya bar wani habaici saboda ya ba jama'a dariya, yana iya kasancewa da wani sananne a garin ake, kuma maganar da aka faɗa a fili ta wuce da iska tana zama rigima idan ta hau TikTok ana maimaita ta. Kiran waya ɗaya zuwa ga sanƙira kafin a rufe aikin yana warware duka biyun.

Cikakken faifan da ba a yanke ba shi ma dukiya ce, wataƙila fiye da bidiyon da za a ba maki. Hotunan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, waɗanda suke yawo a intanet yau, galibinsu daga ma'ajiyar gidajen talabijin da kaset-kaset na taruka suka fito, kuma mai kallonsu da wuya ya san sunan makaɗin da ke bayan jagora, inda akwai shi, ko na 'yan amshinsa, domin ba a rubuta ba. Ɗalibin da ya sa kowane makaɗi ya faɗi sunansa da garinsu da wanda ya koya masa a gaban kyamara, ya rubuta ranar da wurin, ya kuma ajiye kwafi a ɗakin karatu na sashensu, ya yi aikin da manyan gidajen watsa labarai suka sha tsallakewa.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince da haƙƙin mai yin wasa a kan naɗar wasansa da yaɗa shi, don haka yardar makaɗa ba alfarma ce da ɗalibi yake nema domin ladabi kawai ba. Takardar Turanci da za a sa wa hannu ba ta da amfani ga wanda ba zai karanta ta ba. Ya fi kyau a faɗi sharuɗɗan da Hausa a gaban kyamara, a bayyana inda za a nuna bidiyon, da abin da zai faru idan an ɗora shi a YouTube ya kawo kuɗi, jagora kuma ya amsa da bakinsa a gaban shaidu. Yaɗuwar bidiyon ba ta hannun ɗalibi take ba, domin da zarar kwafi ɗaya ya shiga wayar ɗan amshi, masu tura waƙoƙi a shagunan caji na kasuwannin mako za su sa shi a katin waya tare da finafinai da wa'azi, ya zaga ƙauyukan Taura da Ringim da Jahun tun malami bai zauna duba shi ba. Ta wannan hanya ce mai shirin aurar da 'ya a wani gari yake ganin ƙungiyar ya nemi a kira masa ita, shi ya sa a rubutun ƙarshen bidiyon, inda ɗalibai suka saba jera sunayensu da muƙaman darakta da furodusa, makaɗa za su fi so a fara da sunan jagora da garinsu da lambar wayar sanƙira, a kuma bar su a kan allo har mai kallo ya samu ya kwafa.